Kurakuran da matafiyi mai jaka a baya yake yi a Hoi An

Hoi An tsohon garin fatake ne a tsakiyar Biyetnam, a bakin kogin Thu Bon, inda jiragen ruwan 'yan kasuwar Sin da Japan da Turai suka riƙa sauke kaya daga ƙarni na 15 zuwa na 19. A 1999 UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Kuskure mafi tsada shi ne zuwa a Oktoba ko Nuwamba don an ga kuɗin masauki ya sauka. Lokacin ne ruwan sama da guguwar teku suke cika kogin, ya haura titin Bach Dang da ke gaɓa, ya shiga gidaje, har a koma yawo da kwalekwale a kan titi. A tsohon gidan Tan Ky akwai alamomi a jikin bango na inda ambaliya ta kai a shekaru daban-daban, wasu sun wuce tsayin mutum. Fabrairu zuwa Afrilu ya fi daɗi, kafin zafi ya tsananta. In dole sai da damina za ka, kama ɗaki a bene nesa da bakin kogi, ka ɗaure fasfo da waya a leda, ka bar kwana biyu tsakanin barin garin da tashin jirginka.

Garin ba shi da filin jirgin sama ko tashar jirgin ƙasa. A Da Nang ake sauka, kimanin kilomita 30, tafiyar minti 45 a mota. Duba farashi a Grab, manhajar kiran mota ta waya, kafin ka yi ciniki da kowane direba.

Tikitin shiga wuraren tarihi na tsohon gari dong (kuɗin ƙasar) 120,000 ne ga baƙo, kuma wurare 5 kawai yake shigar da kai. Da yawa sukan ƙarar da shi a ƙofofin da suka fara gani. Zaɓi tun farko: zauren taro na Phuc Kien, gidan Tan Ky da Gadar Japan ba abin bari ba ne. Ka fita da ƙarfe 6 na safe, domin da la'asar motocin 'yan yawon buɗe ido suke cika garin.

Takardar dong 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne, kuma da dare a kasuwa rikita su abu ne mai sauƙi. Raba musu aljihu.

Wanda ba ya cin naman alade sai ya buɗe ido sosai. Taliyar da garin ya shahara da ita, cao lau, da alade ake yin ta, burodin banh mi kuma sau da yawa ana shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade. Tsame naman bai wadatar ba, tunda romon ma yakan fito daga ƙashinsa. Nemi shagon da aka rubuta wa "chay", wato abincin da babu nama, ko ka ci gasasshen kifi. Ajiye "không thịt heo" a wayarka ka nuna wa mai abinci, ma'anarsa ban da naman alade.

Teloli sun cika garin, suna cewa za su gama kwat cikin kwana ɗaya. Ɗinkin gaggawa a kafaɗa da hammata yake tona asirin kansa, bayan ka riga ka bar gari. Kai awo ranar da ka iso, ka bar kwana 3 don gwaji sau biyu, ka ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ka ɗauki hoton yadin da ka zaɓa. Telan da masauki ya tura ka wajensa, yawanci la'adar mai turawa tana cikin farashin, don haka zaga shaguna uku kafin ka tsayar da magana.