Yadda za ka hana jikinka ya riga shekarunka tsufa

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne a nan Sakkwato. Yana da shekara 47 aka auna shi a wani kantin magani, aka ce masa jininsa ya hau. Ya janye hannunsa, ya ce wa yaron kantin: "Kai yaro, lahiyata lau. Buhu nika ɗauka da kaina." Bayan shekara goma sha huɗu, wata asuba yana alwala buta ta suɓuce masa, baki ya karkace. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge shi. Likita kuwa ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma tun waccan ranar ta kantin magani ciwon yake aikinsa a ɓoye.

Mutum yana da shekaru iri biyu: na takardar haihuwa, da waɗanda jijiyoyinsa, ƙodarsa da zuciyarsa suke nunawa. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi rayuwar mutane kusan dubu da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. Da suka kai 38 aka auna gaɓoɓinsu, sai ga wasu jikinsu bai kai na ɗan 30 ba, wasu kuma ya doshi na ɗan 60. Gado yana da hannu, amma hawan jini, suga, taba, teɓa da yawan zama ne suke ingiza agogon gaba. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ruɗewar tsufa yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, kuma da yawansu a tsakiyar rayuwa suke kama mutum. Ga yadda za ka ɓullo wa lamarin.

Da farko, auna jininka, kuma ka auna shi daidai. A nan zan fi daɗewa, domin a nan muke asarar mutane. Hawan jini ba ya sallama. Wanda yake jiran ciwon kai ko jiri kafin ya je awo, zai iya jira har ƙodarsa ta lalace. Jinin da yake bugun bangon jijiya da ƙarfi shekara da shekaru yana sa ta ƙage ta yi tauri, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ido da ƙoda su ne suka fi jin jiki.

Kada ka sauka daga kabu-kabu cikin rana ka miƙa hannu nan take. Zauna minti biyar, ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ka bar goro, shayi da taba na rabin awa kafin awon. A auna sau biyu, a sake wata ranar. Idan lambar tana tsayawa a 140/90 ko sama, ka ga likita, ko a asibitin unguwa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan ta kai 180/120 ga ciwon ƙirji, ko dishi-dishin gani, ko nauyin harshe, ba a kwana da wannan a gida.

Idan an ɗora ka a kan magani, ka sani ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Lambar ta sauka ne saboda maganin, in ka bari za ta koma inda take. Kafin azumi ka koma wurin likita ya tsara maka lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki, musamman in kana da suga.

Na biyu, awon suga. A yi shi da safe kafin ka karya, bayan awa takwas ba ka ci komai ba. Sakamakon 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, in an maimaita an sake samu, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, kuma a wannan gaɓar ake iya juya akalar abin da abinci da motsa jiki.

Na uku, nemi igiya. Ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka biyu, ka zagaya cikinka da ita ɗan sama da cibiya. Idan bakin biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Mun saba kallon teɓa a matsayin shaidar samu, har a ce Alhaji ya yi kyau, alhali wannan kitsen shi yake hana jiki sarrafa suga. Mata su ƙara kula idan al'ada ta fara ɗaukewa, wajen shekara 45 zuwa 55, domin a lokacin kitse yake komawa ciki, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru.

Na huɗu, leƙa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. To lissafa: dunƙule huɗu a miya, ga gishiri, ga yajin tsire da na kilishi. A rage dunƙulen sannu a hankali, a ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Gero, dawa, wake da zogale da muka taso da su sun fi farar shinkafa da burodi hana sugan jini hauhawa. Furar ma ba ta da laifi, cokula ukun sukarin da ake zuba mata su ne matsalar, haka shayin safe da lemun kwalba.

Na biyar, motsa. Minti 150 a mako, tafiya mai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Rabin awa bayan sallar asuba, kwana biyar, ya cika lissafin, kuma a zafin Sakkwato wannan ne lokacin da ya fi dacewa. Tsoka tana zaizayewa tun daga shekara 30, don haka ka riƙa tashi daga kujera ka zauna sau goma ba tare da dafa komai ba. Taba da shisha kuwa babu wani awo, a bar su kawai.

Na shida, ji tausayin ƙodarka. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40. Manomi a fadama ko ɗan dako a kasuwa zai wuni yana zufa, ruwa kaɗan, da dare ya sayi haɗin maganin ciwon jiki a hannun mai talla. Irin su diclofenac da ibuprofen, in ana shan su kullum a kan ƙishirwa, suna cin ƙoda. Sha ruwa har fitsarinka ya yi haske, ka nemi gwajin ƙoda da na fitsari idan kana da hawan jini ko suga.

Sai ka sayi ƙaramin littafi na musamman. Duk awon da aka yi maka ka rubuta lambar da kwanan wata, ka tafi da shi duk ranar da za ka ga likita. Wanda aka samu lafiya lau ya sake awon jini duk shekara. Ni nakan yi nawa mako biyu kafin azumi, in ɗauki Inna mu tafi tare, domin ita ma ba ta zuwa sai an kai ta.