Yadda ake haɗa bak-aksul da difiranshal na tsohuwar Peugeot 504

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya shafe shekaru masu yawa yana harhaɗa ta, shi ya sa har yau ba a rasa a-kori-kura ko doguwar 504 a garejin da ake farfaɗo da tsofaffin motoci. Waɗannan biyun aksul ɗinsu na baya dunƙulalle ne, farfela kuma, wato sandar da ke kawo juyin inji baya, tana cikin bututun ƙarfe da ke ɗaure a gabansa. A ganina, ba ɗaurin noti ne ke kayar da makanikai a wannan aiki ba. Daidaita haƙoran giya ne, domin shi ke nuna ko motar za ta tafi shiru ko za ta riƙa kuka a kan hanya.

A fara da wanke kowane ƙarfe da kananzir, a busar da shi, a jera a kan tsumma mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cinye boris. Ƙaramar giya, wato finiyon, da babbar giya mai siffar zobe a tare aka goge haƙoransu tun daga masana'anta, saboda haka ba a ɗauko ɗaya daga wata motar a aura wa ɗayar. Boris, sil da gasket kuwa sababbi ake sawa.

Daga nan sai a haɗa cikin difiranshal, wato ƙananan giyoyin da ke ba tayar waje damar yin sauri fiye da ta ciki idan mota ta sha kwana. A shafa musu man giya, a sa washa a bayan kowace, a zura sandarsu a kulle ta. Babbar giya takan zauna a jikin difiranshal cikin sauƙi idan an ɗumama ta a ruwan zafi an goge, amma kada a kusantar da ita ga wutar walda. Notunanta a ɗaure su ɗaya yana fuskantar ɗaya, da sifana mai awon ƙarfi, bisa adadin da littafin motar ya faɗa.

A nan ne ake bukatar haƙuri. Zurfin finiyon da siraran washa ake daidaita shi, kuma hikima ita ce a fara da kaurin waɗanda aka cire. Bayan an ɗaure shi, ya kamata ya juya da ɗan nauyi a hannu, ba tare da girgiza ko cijewa ba. Sai a zaunar da difiranshal a kaskonsa, a auna 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoran da agogon awo, a wurare uku ko huɗu na zoben. A irin waɗannan giyoyi ba ta cika wuce 0.2 na milimita ba. Sannan a shafa fenti mai maiƙo a haƙoran babbar giya kamar shida, a juya gaba da baya, a duba tabon. Idan ya zauna a tsakiyar haƙori, an dace. Idan ya hau can sama, finiyon ya yi nisa, sai a matso da shi. Idan ya nutse gindin haƙori, finiyon ya shige da yawa, sai a ja da shi baya. Duk lokacin da aka taɓa washa, dole a sake auna tazarar, kuma ba abin kunya ba ne a kwance sau huɗu kafin tabon ya zauna.

Sauran aikin mai sauƙi ne. A zura shaf biyu na tayoyi a hankali don kada su yage sil, a mayar da birki, a ɗora aksul a kan jak a ɗaure shi da sifirin da bututun farfela. Ɗaurin ƙarshe na notunan da ke ratsa robobin aksul sai mota ta sauka a kan tayoyinta. A buɗe hudar numfashin kasko idan ta toshe, domin toshewarta ce ke tura mai ta bakin sil. A zuba man giya 80W-90 mai lambar GL-5 har ya kai bakin hudar zubawa, a yi tafiyar kilomita 800 na farko ba tare da lodi mai nauyi ba, sannan a juye man a zuba sabo.