Ku daina kashe mutanenku bakin get: kurakuran shiga da makami a Shadowrun

Wallahi na gaji. Duk ran Asabar in munka zauna wasan Shadowrun, wanda kowa ke ƙirƙirar mutuminai ya aike shi aikin ɓoye cikin labari, bayan isha'i nan Mabera, sabon yaro ya zaka, labari guda ne, mutuminai bai ko kai ga lif ba an damƙe shi bakin get na kamfani.

Babban kuskure, kuma shi ne yac ci ni, harsashi. Kowa hankalinai na ga sikanar ƙarfe, wadda aka ce ma MAD, sai ka ga yaro ya kashe nuyen, kuɗin cikin wasa, ya sayi ƙaramar bindiga Streetline Special don ba ƙarfe ce zalla ba, shina ta hura hanci. Malam, sikana ba guda ba ce! Akwai mai shinshina, ita albarushi take biɗa, ba ruwanta da bindigarka ta roba ce ko ta katako. Ni wata takwas ina renon mutumina, na ɓoye bindiga lafiya lau, na watsa 'yan lido goma sha biyu, biyar da shida, waɗanda su ne nasara, sunka yi ta hitowa ina murmushi, sai mai jan wasa ya dube ni ya ce "to harsashin hwa?" Cikin aljihun kwat na zuba su awa gyaɗa. Ƙofa ta kulle, masu gadi shida, ko zagaye biyu ban kai ba. Ranar ko shayin da anka dafa ban sha ba. Tun sannan harsashi sai cikin abin da anka liƙe iska ba ta shiga, in babu, in bar shi cikin mota.

Sai SIN na jabu mai daraja 1, SIN kau shi ne lambar shaidar mutum cikin wasa. Haba jama'a, ka sayi bindiga Ares Predator amma ka yi rowa wurin takarda? Lasin makami, SIN yake bi, in SIN ya ƙone lasin ya tahi, kuma kayan da anka sa ma F, wato haramtattu, babu lasin da zai wanke su. Ni in darajar SIN ba ta kai 4 ba ba ni hita gida.

Ku kashe wayales na bindiga, ɗan kutsen kamfani na kallo. Mai dasa wuƙa cikin hannu shi ma akwai sikanarshi.

Ni dai yanzu ba ni bi da komi ta ƙofa. In nemi mai shara ko mai kawo kayan kicin, in ba shi na goro, ya aje min jaka cikin banɗaki tun jajibiri. Abokina na cewa tsoro ne, to shi kau mutuminai na huɗu ke nan bana.