Kurakuran masu sayen tsofaffin kwamfutoci daga Japan

Har yau akwai masu cewa an haramta sayar da kayan lantarki na gwanjo a Japan. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawo, kuma shi ke sa mai neman tsohuwar kwamfuta irin NEC PC-9801 ko Sharp X68000 ya biya kuɗin da ya wuce kima, wai don kayan na wuyar samu.

Ga asalin maganar. A Afrilun 2001 dokar kare mutane daga haɗarin kayan lantarki ta fara aiki a Japan, ta hana ɗan kasuwa sayar da kayan da ba su da tambarin PSE, wato alamar cewa sun cika sharuɗɗan dokar. An ba irin su talabijin, firji da kayan sauti wa'adin shekara 5. Sai da wa'adin ya kusa cika a 2006 yawancin masu shagunan gwanjo suka gane ashe har da su. Hankali ya tashi, makaɗa irin su Ryuichi Sakamoto suka shiga gaba wajen tattara sa hannun masu adawa. Ma'aikatar kasuwanci da masana'antu ta sassauta, ta ware tsofaffin kayan kiɗa da na sauti, sannan a 2007 aka gyara dokar, kayan da ke ɗauke da tambarin tsohuwar doka suka halatta. Ita kwamfutar kanta ma ba ta cikin jerin kayan da dokar ta shafa. Adaftar da ake jonawa a bango da wayar wuta su ne dokar ta shafa, don haka su za ka nemi a ɗauko maka hotonsu.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na wuta. Japan na amfani da bolt 100, mu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ne. Mutum ya jira kaya wata guda, ɗoki ya kwashe shi, ya sa ƙaramar mahaɗa don bakin filogi ya shiga soket, sai ƙara da hayaƙi. Mahaɗar ba ta rage ƙarfin wuta. Taransifoma mai saukewa zuwa 100 ake nema, kuma a saye ta tun kafin kayan su iso.

Ko da taransifomar, kada ka yi saurin kunnawa. X68000 ta fito tun 1987, kuma an san kafasitocin akwatin wutarta, wato ƙananan sassan da ke tara caji, da yoyo. Buɗe ka duba. In ka ga danshi a gindinsu, ko koren tsatsa kusa da batirin agogon kwamfutar, ko ka ji ƙarni kamar na kifi, kai wa mai gyara ya cire batirin, ya wanke allon da sassan ke kai, ya canza kafasitocin.

Wasu kuma ba sa kula da kalmar "janku" da shagunan gwanjo na Japan irin su Hard Off ke liƙawa. Nufinta ba garanti, ba mayarwa. Kayan da ba ya aiki kuma yana iya faɗawa sahun sharar lantarki, wadda Yarjejeniyar Basel, ta ƙasa da ƙasa kan shara mai haɗari, ta ƙara tsaurara ketare iyaka da ita daga Janairun 2025. Nemi hoton na'urar a kunne, ka ajiye shi tare da rasit.

Kada ka manta da allon kallo. Tsofaffin PC-98, wato dangin PC-9801, na fitar da siginar hoto mai saurin kilohaz 24, wanda yawancin allunan zamani ba sa karɓa, sai ka zaci na'urar ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Akwatin sauya sigina ke magance wannan.