Kurakuran Sababbin Manoman Rani Wajen Taki da Ban Ruwa

Na gaji da ganin matasan da suka shiga noman rani a yankinmu na Kura suna ƙone tumatirinsu da hannunsu, sannan su ɗora wa mai sayar da taki laifi. Tushen matsalar shi ne rashin sanin yadda ruwa yake shiga saiwa. Kowace ƙwayar halitta a jikin saiwa tana da tantani mai barin ruwa ya ratsa, kuma ruwan yana bin ɓangaren da narkakken gishiri ya fi yawa. Wannan ne masana kimiyya suke kira osmosis. Wanda yake shakka ya yanka albasa ya barbaɗa mata gishiri, zai ga ruwa ya tsatso nan take.

Kuskure mafi muni shi ne zuba takin zamani a gindin dashe alhali ƙasa tana bushe. Taki yana narkewa kamar gishiri a ɗan danshin da ya rage, ƙarfinsa ya zarce na ruwan da ke cikin saiwa, sai ruwa ya juya yana fita daga shuka maimakon ya shiga. Ni kaina na ɗanɗana kuɗata a shekarar da na fara. Dashena yana da mako biyu na bi kowane tushe da tafin takin yuriya, wai don ya riga na maƙwabcina tashi. Kwana biyu tsakani ganye ya langaɓe, gefensa ya bushe kamar an babbake, na rasa fangali goma sha biyu. Yuriya tana da ƙarfi, domin tana ɗauke da naitirojin, sinadarin da ke ciyar da shuka, kashi 46 cikin 100, amma wasu suna watsa ta kamar toka! Tun daga lokacin sai na yi ban ruwa tukuna, kashegari in tona rami da tsinke, nisan yatsa huɗu daga tushe, in zuba cikin murfin kwalba ɗaya in binne.

Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙona saiwa, don haka ina barinsa ya ruɓe. Yaushin tsakar rana kuwa ba kullum yake nufin ƙishi ba. A tona ƙasa a duba kafin a saki ruwa. Idan farin gishiri ya fara fitowa a bakin fangali, a gyara magudana domin ruwa ya wanke shi ya fice, a kuma dakatar da taki.