Yadda zaka yi afdet a wayar da ka yi wa rut

In da manhajar Magisk ka yi rut (wato ka buɗe wa kanka cikakken iko a kan wayar Android ɗinka), don Allah kar ka danna afdet kai tsaye, zai tsaya a hanya ne saboda wayar tana duba ko an taɓa fayil ɗin but (boot), wanda waya ke tashi da shi. Fara kwashe hotunanka da lambobinka tukuna. Sai ka shiga Magisk, ka danna Uninstall sannan Restore Images don ya mayar da fayil ɗin but na asali, amma kar ka kashe wayar. Yanzu je setin ka sauke afdet ɗin, in ya gama zai ce ka yi ristat, to nan fa ake yin kuskure, kar ka taɓa! Koma Magisk, Install, ka zaɓi Install to Inactive Slot, daga nan ka yi ristat. Wannan dabarar ta wayoyi masu sulot biyu ce, A da B, wato wayoyin da ke ajiye tsarin Android a ɓangare biyu, afdet yana sauka a ɓangaren da ba a amfani da shi (Inactive Slot).