Kurakuran da Ke Kashe Injin Wankel da Yadda Ake Kauce Musu

Da yawa daga cikin injinan Wankel da suka mutu kafin lokacinsu, abin da ya kashe su shi ne an yi musu irin hidimar da ake yi wa injin fistin. Wannan inji da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira, wanda samfurinsa na farko ya tashi a kamfanin NSU a 1957, ba shi da fistin mai hawa da sauka. Abin da ke cikinsa rota ce mai kusurwa uku, tana juyawa a cikin gida mai kama da kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, kuma kowace fuska tata tana shaƙar iska da fetur, ta matse, ta ƙona, ta fitar da hayaƙi a zagaye guda. Kamfanin Mazda na Japan ne ya riƙe shi tun daga Cosmo Sport ta 1967 har zuwa RX-8 da aka daina ƙerawa a 2012.

Babban kuskure yana kan baƙin mai. Mai mota ya zaro geji ya ga mai ya ragu, sai ya ɗauka injin ya fara lalacewa, wani kuma ya yi sabis ya manta da gejin har sai sabis na gaba. Gaskiyar magana ita ce injin yana shan baƙin mai da gangan. A ƙarshen kowace kusurwa ta rota akwai siririn sil na ƙarfe da ke goga bangon gidan don tsare matsi, kuma akwai ɗan famfo da aikinsa shi ne ɗiga mai a ciki domin kada sil ɗin ya yi gugar bushe. Saboda haka raguwar mai kaɗan kaɗan ba ciwo ba ne, rashin ciko shi ne ciwon. A riƙa duba geji duk bayan shan fetur sau biyu, a kuma ajiye galan a but. Bakanike da ya ce zai toshe famfon don mota ta daina cin mai, a ɗauke motar daga garejinsa tun kafin ya ɗauki sifana.

Kuskure na gaba shi ne a tayar da mota da sanyin safiya, a matsar da ita taku kaɗan daga bakin ƙofa, a kashe. Injin da bai yi zafi ba yana samun fetur fiye da kima, kuma idan aka kashe shi a haka fetur ɗin yana jiƙa fulogi ya wanke man da ke bango, sai a dawo a yi ta murza makulli injin yana juyawa da sauƙi amma ya ƙi kamawa. Maganinsa a bar shi ya ɗau zafi kafin a kashe. Idan abin ya riga ya faru a RX-8, a take totur har ƙasa a riƙe yayin da ake ba ta kik, domin hakan yana sa kwamfutar motar ta yanke fetur har cikin injin ya bushe. Kowace rota fulogi biyu gare ta, kuma ba iri ɗaya ba ne, don haka kada a musanya musu gurbi.

Lallaɓa motar kullum ma illa ne, ko da yake mai ita yana ganin tattali yake yi. Gajeriyar tafiya a ƙaramin juyi tana tara baƙin dauɗa har sil ya maƙale a raminsa. Bayan injin ya yi zafi sosai, yana buƙatar a riƙa buɗe masa wuta lokaci lokaci. Zafin da ya wuce kima kuwa ba ya yafiya, domin gidan rota na alminiyom ne da aka matse tsakanin faifan ƙarfe, kuma tafasa ɗaya tana iya lalata sil ɗin ruwa. Allurar zafi na hawa, a tsaya.

A wajen auna gudu, kuskuren da aka fi yi shi ne rikita sansa biyu (ƙananan na'urori masu ƙirga juyi) da aikinsu ya bambanta. Ɗaya tana ƙirga juyin sandar injin, wadda ke juyawa sau uku kafin rota ta kammala zagaye ɗaya, kuma da ita kwamfuta ke sanin lokacin ba da wuta. Kan sansar yana da maganaɗisu, yana tara ɓurɓushin ƙarfe, kuma sau da yawa gogewa kawai take buƙata. Gudun mota a kan titi kuwa, a RX-8 da motocin zamani da yawa, daga sansar ABS (tsarin da ke hana taya kullewa yayin taka birki) ta ƙafafu yake fitowa, inda zobe ke juyawa tare da taya, sansa tana ƙirga haƙoransa ko alamun maganaɗisunsa. Idan ma'aunin gudu ya rikice kuma fitilar ABS ta kama, a fara da duba wayar da ke bayan taya da dattin da ke kan zoben kafin a sayi sabon allon mita. A tuna kuma cewa sansa juyi take ƙirgawa, ba ta san girman taya ba: idan aka sa tayar da kewayenta ya fi na asali da kashi 5 cikin 100, mita za ta nuna kilomita 100 a awa alhali motar tana gudun 105.